Kofi Mai Jan Fenti

Ranar da Lukmanu ya fara ganin Rumasa'u, yana tsaye ne a tsakiyar karar Dei-Dei cikin farin yadi, yana shirin sayen rago mafi lalacewa a duk kasuwar. Abokan aikinsa na ma'aikatar ruwa ne suka wakilta shi ya sayo ragon sunan ɗan ogansu, don kawai an ce shi Bakano ne, alhali bai taɓa riƙe igiyar dabba ba tunda aka haife shi.

Ita kuwa ta zo kawo wa mahaifinta, Alhaji Rilwanu dillalin shanu, wayarsa da ya manta a gida. Ta wuce, ta waiwayo, ta ga ragon, ta kasa haƙuri.

"Malam, dubi hancinsa mana, majina yake yi. Suna za a yi ko jinya?"

Lukmanu ya dubi hancin ragon, ya dube ta, daga nan ya manta da zancen rago gaba ɗaya. Ita ta zaɓa masa wani lafiyayye. Da ya nemi lambarta wai ko ragon zai yi rashin lafiya a hanya, ta gaya masa ita malamar firamare ce a Kubwa, ba likitar dabbobi ba. Amma dai ta ba shi.

Kafin la'asar saƙonsa ya shigo: "Malamata, rago ya isa lafiya. Mai ragon ne dai bai dawo daidai ba."

Ta amsa: "Mai Rago, a sha ruwa a huta. Zai wuce."

Bai wuce ba. Wata biyar aka yi ana wannan, har sunayen suka bi su. Rumasa'u mai saurin baki ce, Lukmanu kuwa sai ya auna magana sau uku kafin ya furta, kuma kowannensu ya ga abin da ya rasa a wurin ɗan'uwansa.

Alhaji Rilwanu yana da ɗabi'u biyu da duk kara ta sani. Ta farko, ba ya yanke hukunci a kan mutum sai sun ci abinci a faranti ɗaya. Ta biyu, ba ya rabuwa da ɗan gwangwanin jan fenti. Shekaru da suka wuce, a garkensa na Paikon Kore, ya bar wata baƙuwar saniya ta sha ruwa a kwami ɗaya da shanunsa, ciwon huhu ya shiga garken ya kusa ƙarar da shi. Tun daga lokacin, duk dabbar da bai yarda da lafiyarta ba sai ya shafa mata ja a ƙaho, a ware ta, a ware mata wurin shan ruwa.

Lukmanu ya ci jarrabawar faranti. Suka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, suka sha fura a kofin silba ɗaya, Alhaji ya shiga cikin gida ya gaya wa Umma, mahaifiyar Rumasa'u, cewa yaron yana da kunya, kuma ba ya kai hannu gaban wani. Aka ce ya turo magabatansa.

Limamin unguwarsu ba ya ɗaura aure sai da takardar gwajin jini. Suka tafi asibiti suna dariya, Rumasa'u tana tsokanarsa cewa ta ga ya rufe ido da aka kawo allura. Nas ɗin da ta karɓe su, Sista Vivian, ta kira su ɗaki ta rufe ƙofa. Jininsu ya dace, babu sikila, babu ƙanjamau. Sai dai an samu ciwon hanta nau'in B a jinin Lukmanu.

Ya ce shi ko zazzaɓi ba ya yi. Sista Vivian ta ce haka ciwon yake, mutum zai shekara talatin da shi bai sani ba, sai gwaji ya nuna. Ta yi musu bayani da irin Hausarta ta Abuja, a hankali, cewa ta jini ake ɗauka, ko wajen haihuwa daga uwa, ko aska da allurar da aka yi tarayya, ko kwanciyar aure. Ba a ɗauka ta abinci, ko kofi, ko gaisawa.

"Oga, aure bai mutu ba," in ji ta. "Madam zai sha rigakafi guda uku. Yau ɗaya, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Mu gwada jininta, in ya kama, shi ke nan. Kai kuma ka dinga zuwa muna duba hanta."

A mota, bayan sun wuce gadar Kubwa, Rumasa'u ta ba da shawarar su ɓoye takardar zuwa wani lokaci. Lukmanu ya ce mutumin da ya sa shi a farantinsa bai cancanci a ɓoye masa ba.

Da bakinsa ya gaya wa Alhaji, yana durƙushe a zaure. Alhaji ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya aika aka ɗauko kofin silbar nan, ya buɗe gwangwaninsa, ya shafa wa gindin kofin ja, ya ce a ajiye shi daban.

"Ba ƙin ka nake yi ba, Lukmanu. Wallahi na so ka. Amma na taɓa ganin abin da kwami ɗaya ya yi mini, ba zan gwada da 'yata ba."

Lukmanu ya miƙe. Ya yi godiya, ya sa takalmansa, ya tafi. A ransa ya ji kamar shi aka shafa wa fentin.

Rumasa'u ta yi iya yinta. Ta kawo takardun asibiti, ta karanta wa Abbanta, ta roƙi Sista Vivian ta yi masa magana a waya. Ya saurara cikin ladabi, ya yi godiya, ya ce ai wancan karon ma an ce masa saniyar lafiyarta ƙalau. Ya ce ba zai tilasta mata auren kowa ba, amma Lukmanu kam a cire shi. Umma ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, don ta yarda da 'yarta kuma ta san mijinta, sai dai ta yi ta share hawaye a kicin.

Ana cikin haka Farouk ya ɓullo, ɗan ƙawar Umma daga Maitama. Ba mugu ba ne, yaro ne mai tsafta da ƙamshi. Sai dai ya ji labari, don haka zuwansa na biyu ya taho da sakamakon gwajin jininsa a cikin ambulan, ya miƙa wa Alhaji kamar mai neman aiki. Rumasa'u ta gaishe shi da mutunci, ta kawo masa ruwa, ta gaya masa gaskiya cewa zuciyarta ba ta nan.

Lukmanu bai ji wannan ba. Abin da ya ji kawai, ana ganin wata baƙar mota a ƙofar gidan duk Asabar. Sai ya rubuto:

"Malamata, na yi tunani. Ke kika koya mini ba a ɗaukar mai majina in ga lafiyayye. Na yafe miki alkawarinmu. Ki yi wa Abba biyayya. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Ta karanta a ɗakin malamai, ta kifa kai a kan littattafan yara ta yi kuka mai isarta. Da ta tashi, ta ɗauki hoton katin rigakafinta ta tura masa, allura biyu an riga an yi, ta uku da kwanan watanta.

"Mai Rago, ni ban ce ka yafe mini komai ba. Hannuna har yanzu ciwo yake saboda kai. Saura guda ɗaya. Ban san yadda za a yi da Abba ba, wallahi ban sani ba, amma ba zan fasa ba."

Ya ga saƙon, bai amsa ba. Wata uku ya yi yana buɗe hoton katin yana rufewa. Yana son ta, yana tsoron ya cuce ta, kuma ba shi da abin da zai je ya gaya wa Alhaji wanda ba a riga an gaya masa ba. Ita ma ta rame, ta rage surutu, har ɗalibanta suka fara tambaya ko Anti ba ta da lafiya.

Wata Talata Lukmanu ya je asibitin da ake duba masa hanta. Layin ya yi tsawo, ya nemi gefen benci ya zauna. Sai da ya zauna ya lura da dattijon da ke kusa da shi, riƙe da sabon kati a juye, yana kallon ƙasa. Alhaji Rilwanu ne.

Lukmanu ya zame ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya amsa bai ɗago ba. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ƙaninsa Abdulmajeed ne ya yi hatsari da motar shanu, aka nemi jini, shi kuma ya miƙa hannu. Aka gwada aka ce ba za a ɗauki nasa ba. Kwana goma ke nan bai gaya wa kowa ba, ya daina cin abinci da iyalinsa, yana ce musu azumi yake.

"Ban san wace ƙofa zan shiga ba, Lukmanu. Ban ma iya karanta abin da suka rubuta ba."

Lukmanu ya karɓi katin ya juya shi daidai. Ya kai shi wajen ɗaukar jini, ya jira shi a ƙofar ɗakin hoton hanta, ya riƙe masa babbar riga da hula. Likita ya ce hantar ta ɗan taɓu amma an zo da wuri, akwai ƙwayar da zai riƙa sha kullum ta danne ciwon. Da Alhaji ya tambayi inda ya samo shi, likita ya ce ba mai iya tabbatarwa, ta yiwu tun yana yaro ne. Sannan ya tambaye shi wa ke yi masa aski. Nan take Alhaji ya gane. Shekara ashirin da biyar ke nan duk Juma'a wanzamin kara yana yi masa ƙwal-kwabo a gindin bishiya, da askar da ake yi wa kowa.

A bakin ƙofa Lukmanu ya ce masa ba wanda zai ji daga bakinsa, har Rumasa'u. Ya ƙara da cewa, "Amma Baba, don Allah ku koma cin abinci da su Umma. Ba ta nan ake ɗauka ba. Gwaji dai ya kamata a yi musu."

Alhaji ya dube shi, idanunsa suka kawo ruwa, ya juya ya shiga mota.

Shi da kansa ya tara iyalinsa ya faɗa musu. Aka gwada kowa. Yaran duk babu, aka fara musu rigakafi. Umma kuwa an ga alamar jikinta ya taɓa haɗuwa da ciwon ya kore shi da kansa. Alhaji ya saya wa wanzamin kara kwalin reza, ya ce kowane kai da tasa, ya kuma sa dillalai da dama suka je gwaji, waɗansu suna gunaguni.

Ranar da aka yi wa Rumasa'u allura ta uku, Alhaji ne ya kai ta. Bayan wata guda aka gwada jininta, Sista Vivian ta ce rigakafi ya kama, ta kuma ja mata kunne cewa duk jaririn da za ta haifa a yi masa tasa allurar a ranar farko. Rumasa'u ta rufe fuska don kunya, ta fito ta rubuta:

"Mai Rago, ya kama. Abba ya ce ka zo cin tuwo. In ka sake yafe mini wani abu, ni da kai ne."

Amsa ta zo kafin ta sa wayar a jaka: "Ina hanya, Malamata. Ki yafe mini watannin nan."

An ɗaura auren wata Asabar da hantsi, dillalan kara a gefe guda, ma'aikatan ofis a gefe guda. Da aka shafa fatiha aka kawo fura, Alhaji ya ce a ɗauko masa kofinsa. Aka kawo kofin silbar nan, jan fentin yana nan a gindinsa bai goge ba. Ya cika shi, ya sha, ya miƙa wa Lukmanu ya sha. Sannan ya miƙa wa liman, wanda ya san labarin duka. Liman ya yi bismilla ya kafa kai, kofin ya ci gaba da zagayawa hannu zuwa hannu.

Da yamma, da za a tafi da amarya, Alhaji ya dafa kanta ya daɗe yana sa albarka, ya roƙa musu lafiya da zuri'a mai albarka da zaman da babu gori a cikinsa. Umma tana ta jera kaya a mota, sai ya miƙo mata kofin ya ce a sa a cikin kayan ɗakin Rumasa'u.

Umma ta ce bari ta kankare fentin tukuna.

"Bar shi," in ji Alhaji. "In na je gidansu, da shi za a ba ni ruwa."