Rigar Tsotsau

Na'urar ƙofa ta zuba shuɗin haskenta a kan layin ma'aikata, tana leƙa abin da ke ƙarƙashin tufar kowa kafin ta ba shi hanya. Da ta zo kan Malam Haladu sai ta tsaya cak a ƙirjinsa, ta yi wata ƙara mai kashe kunne.

"An ga ƙurajen da ba a san irinsu ba," in ji muryar na'urar. "A matsa daga kusa da shi."

Nan take layi ya dare. Mutanen da suka shekara talatin suna gyaran bututun ruwa tare da shi suka toshe hanci. Wani ma ya tofar da yawu.

A Birnin Rumfa, wanda aka lulluɓe da gilashi saboda zafin duniya, ruwa ya fi komai daraja. Shi ya sa hukuma ta tilasta wa kowa sa Tsotsau, wata riga mai manne wa fata, mai tsotse gumi ta tace shi ta tara a ɗan tulu, kullum a juye a rumbun birni. Wadda ta ƙirƙiro ta kuwa ita ce Dakta Uwani, 'yar Malam Haladu ta fari.

Wata shida da fara sa rigar, sai dattawa maza suka fara susa. Ƙananan ƙuraje ne jajaye a ƙirji da gadon baya, masu ƙaiƙayin da kan sa dattijo mai mutunci ya goga bayansa a bango a gaban surukansa. Na'ura ba ta san su ba, don haka ta kira su annoba.

Aka kai Malam Haladu gidan killacewa, inda ya tarar da tsofaffi sama da ɗari huɗu. Can ya ji labarin an watsa wa ƙofar gidansa maganin kashe ƙwayoyin cuta, maƙwabta sun daina amsa sallamar matarsa. Da ƙaiƙayi ya ishe shi, sai ya sa wuƙar aikinsa ya farke rigar, ya zauna daga shi sai wando. Wasu suka bi sahunsa. Cikin mako uku ƙurajensu suka bushe.

Ran nan Uwani ta zo, ta tsaya bayan gilashi.

"Sannu, Baba."

Ya buɗe mata ƙirjinsa. "Duba da kyau. Ina annobar?"

"Na gani."

"Mace ɗaya ta kamu? Saurayi ɗaya ya kamu? Tsohuwar fata ce ba ta jure matsi da zafi. Rigarki ce, Uwani, kin kuma sani."

"Baba, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da birnin nan ke sha daga rigar yake fitowa. Ranar da na ce tana da illa, kowa zai tuɓe."

"To, sai ki ce mu ne masu illar?"

"Ban ce ba."

"Amma za ki rubuta. Na san idon nan tun kina rarrafe."

Ta ɗaure fuska. "Shekara goma sha ɗaya na yi a kan aikin nan. Ba zan rushe shi saboda ƙaiƙayi ba."

"Tashi ki ba ni wuri," in ji shi.

Kwana biyar bayan haka rahoto ya fito da sa hannunta: rigar lafiya lau take, jikin namijin da ya haura sittin ne bai dace da rayuwar Rumfa ba. Aka kwashe su a manyan motoci zuwa Tudun Waje, wasu tsofaffin gidajen ƙasa a wajen gilashin birnin. Matar Malam Haladu ta bi shi. Suka haƙa rijiya mai gaba arba'in, suna sha da laka-laka.

Da gumin da ake tarawa ya ragu, sai hukuma ta ƙara wa rigar matsi don a cike giɓin. Ba a rufa shekara ba motoci suka fara kawo 'yan hamsin da biyar. Daga baya 'yan hamsin.

Wata ranar Laraba da hantsi, Uwani ta sauko daga mota, ta rame, ta sami mahaifinta yana yaɓen katanga.

"Baba, mun gwada man shafawa iri goma sha tara, babu wanda ya yi. An ce ku nan duk kun warke. Me kuke shafawa? Wane ganye ne?"

Ya ci gaba da yaɓensa. "Babu ganye."

"Don Allah, Baba. Injiniyoyina sun kusa ƙarewa. Mijina shekararsa arba'in da tara, ya fara susa a ɓoye."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ta. Wuyan Tsotsau ya shaƙe mata maƙogwaro har ya yi mata shaida.

"Ki ce ya cire rigar."

"Ban da wannan."

"To, ki ce ya taho da fartanya. Akwai fili kusa da nawa."

Ya koma kan yaɓensa. Ta koma mota, direba ya juya da ita zuwa birnin da ke sheƙi a rana, cike da ruwa, mazansa na ƙarewa.