Tsirkiya Mai Kauri a Gidan Kibwana

Magariba ta kawo jiki a garin Tanga, iskar teku ta ɗauke kamar yadda takan yi gab da kiran salla, Kibwana na zaune a dakalin ƙofar gidansa da jitarsa ta lantarki kwance bisa cinya. A tsakar gida matarsa Mwanaidi na kankare kwakwa, 'yarsu Mboni, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, tana tsintar shinkafa a faranti. Mu maƙwabta mun saba da wannan lokaci. Kullum kafin ya tafi gidan rawa inda ƙungiyarsu ke kiɗa, sai ya ɗan taɓa jitar nan ba tare da ya jona ta da wuta ba, sautin ya fito siriri, mai sanyi, har mai soya kifi a bakin titi ta manta da kaskonta. Da wannan kiɗan aka yaye Mboni, da shi ta girma.

Ran nan ba mu ji kiɗa ba. Ƙarar goga muka ji, ƙarfe yana cin ƙashi.

Abin da ya jawo haka ba wani babban abu ba ne. Wani saurayi ne mai suna Hemedi, sabon shiga ƙungiyar, ya ɗauki jitar Kibwana a wurin gwaji, ya ja tsirkiya ɗaya da farce, ya kwashe da dariya.

"Mzee, dattijo, wannan tsirkiya ce ko gashin amarya? Ai ko ƙuda ya sauka a kai sai ta yi kuka. Maza yanzu mai kauri suke sawa, in sun buga a ji a ƙirji."

Aka yi ta dariya. Shi kuwa Kibwana, ka ci abincinsa ka zagi hularsa ba zai tanka ba, amma kada ka raina masa jita. Gadon mahaifinsa ce, kuma tare da ita tsohon ya bar masa magana guda: in tsirkiya ta tsinke ya sa irinta, siririya, sannan ɗan farin ƙashin nan da tsirkiyoyin ke hawa a kai can wajen kan jita, kada ya bari ƙarfe ya taɓa shi. Kibwana ya riƙe maganar shekara da shekaru don bai ga dalilin saɓa ta ba. Dariyar yaro guda ta ba shi dalili.

Ya sayo masu kaurin. Sai dai sun ƙi zama a cikin 'yan tsagogin ƙashin, domin ba don su aka yi tsagogin ba. Shi ya sa ya ɗauko magagari yana buɗa tsagogin ɗaya bayan ɗaya, farar ƙura na zuba masa a wando, yana hure ta.

"Baban Mboni," in ji Mwanaidi daga ciki, "aikin ƙarfe da almuru? Ka bari mana sai gobe."

"Saura ɗaya."

Ya ɗaura su duka, ya shiga murɗa kunnuwan jita yana ja. Itacen ya yi wata 'yar ƙara, irin ta tsohuwar kujera in ƙato ya zauna. Yana murɗa na ƙarshe faranti ya faɗi a tsakar gida, shinkafa ta watse, Mboni ta ƙwalla ƙarar da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kafin uwarta ta kai gare ta, dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Aka ɗan yi shiru. Sai wani dutsen ya biyo baya.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Rana na faɗuwa jifa zai fara, a hankali, ba gaggawa, kamar mai jifan ya san ba inda za su je. Mazan unguwa muka zagaye gidan da fitilu, muka hau bishiyar mangwaro, muka leƙa kowane lungu, ba mu ga ko kyanwa ba. Duwatsun fararen bakin teku ne, jiƙe, da ƙarnin ruwan gishiri, alhali tsakanin gidan da teku akwai tafiya. In jifan ya tsaya kuma, sai a ji kamar wata tsohuwa na kuka ƙasa-ƙasa a ɗakin da ake ajiye jita. A buɗe ƙofa, ba kowa.

Mboni ta daina magana. Kan yatsun hannunta na hagu suka tsage, layi-layi, kamar ta wuni tana danna tsirkiya, ita da ba ta taɓa riƙe jita ba. Bayanta ya soma lanƙwasa gaba, kullum ƙari kaɗan, har ta kai in tana zaune ba ta iya ɗaga kai ta dubi uwarta. An kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, aka auna jini, likita ya ce bai ga komai ba, ya rubuta maganin ciwon jiki. An sha rubutu, an yi sadaka, an turara gidan har idanunmu suka yi ja. Babu abin da ya fi ciwo kamar ka ga ɗanka yana narkewa a gabanka, hannayenka biyu lafiyayyu, ka rasa abin da za ka yi da su.

Kibwana kuwa bai daina zuwa aiki ba, don tukunya ba ta san ana jinya ba. Jitar ta yi sauti kam, ya cika fili, Hemedi har yana jinjina masa. Amma sabbin tsirkiyoyi ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna saki, kullum sai ya ƙara ja, wuyan jitar kuma yana ta bankarowa saboda ƙarfinsu. Mwanaidi ce ta lura. Wata yamma tana riƙe da kan 'yarta, tana kallonsa ta ƙofa yana murɗa kunnen jita, sai ta ga duk murɗa ɗaya, bayan yarinyar na ƙara sunkuyawa.

"Tsaya!" ta ce. "Don Allah tsaya. Ita kake ja."

Nan take ya tsinke masu kaurin duka, ya tono tsofaffin sirara ya mayar. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tsagogin sun yi musu faɗi, suna yawo a ciki, ko yaya ya taɓa sai wani zuuu kamar ƙuda a kwalba. Mboni ta ɗago ido daga inda take duƙe, ta yi dariya da muryar da ba tata ba. Jifan ranar ya fi na kullum.

Sai aka aika garin Pangani aka ɗauko Maalim Shauri, wani siririn dattijo mai ido ɗaya, wanda ba ya son yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya sha gahawa, ya sa aka kawo masa jitar. Ya daɗe yana shafa ƙashin nan da babban yatsa. Ya jira sai da aka idar da sallar magariba, dutse na farko ya sauka. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka lulluɓe Mboni da farin zane, uwarta ta riƙe ta. Ya yayyafa mata ruwan wardi, ya fara karatu.

Ya yi nisa a karatun kafin jifan ya tsaya. Unguwa ta yi tsit, ko kukan akuya babu. Sai muka ji murya daga ƙarƙashin zanen, siririya, ta tsufa, a gajiye.

"Ya isa, Maalim. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Tambayi mai magagari."

Kibwana na durƙushe gefe, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ubanka ne ya tsinci ƙashin nan a bakin teku," in ji muryar, "ina cikinsa. Ya gane, ya yi min sallama, ya ce in zauna. Mutumin kirki. In ya danna tsirkiya, in danna tare da shi. Ya mutu, ka ɗauka, na ci gaba da danna maka. Ban taɓa neman ko ƙwayar shinkafa a gidan nan ba. Yatsuna sirara ne, Kibwana. Ka tashi ka ɗora min igiyar jirgin ruwa, ka goge min ɗaki, ka hure ƙurarsa kamar toka."

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

"An gaya maka."

"Ya yi laifi," in ji Maalim Shauri, "amma yarinya fa? Zalunci haramun ne a wurinmu, haramun ne a wurinku."

"To ina zan zauna? A hannuna ta yi barci tun tana jaririya. Ita na sani a gidan nan."

Maalim ya yi mata tayin farar akuya da turare. Ta ce ita ba ta ce yunwa take ji ba. Ya ce za a sassaƙa sabon ƙashi, a mayar da sirara, a yi rantsuwa ba za a sake ba. Ta ce in an rushe wa mutum ɗakin da ya tsufa a ciki, aka nuna masa na kaji, shiga zai yi? Ran dattijon ya ɓaci, ya koma karatu da ƙarfi. Jikin Mboni ya shiga karkarwa, bayanta ya lanƙwashe har goshinta ya taɓa gwiwa, muna jin ƙasusuwanta na ƙara.

"Ƙona ni," muryar ta ce da kyar. "Za ka iya. Amma ka tuna a cikin wa nake."

Maalim ya dakatar da karatun. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, malami da ilminsa a baki ya rasa ta inda zai ɓullo. Ya sauke murya.

"Faɗi abin da zai fitar da ke."

"Zan koma teku. Na gaji da ku. Amma ba zan tafi hannu rabbana ba, da kayana zan tafi. Abin da ke cikin hannunsa nawa ne. Sai dai ya ce in ɗauka, da bakinsa."

Kibwana ya ɗago. "Wanne ne naki, wanne ne nawa?"

"In na tafi ka sani."

Ya dubi Maalim. Dattijon ya girgiza kai. "Wannan ba hannuna ba ne, ɗana."

Sai Kibwana ya buɗe hannunsa na hagu yana kallo, yatsun nan masu kanta da suka ciyar da gidan, waɗanda saboda su ake tsayar da shi a kasuwa a gaishe shi. Bai daɗe yana kallo ba, amma ya kalla. Akwai waɗanda har yau suke zarginsa da wannan ɗan jinkiri. Ni ban zarge shi ba, don ba a taɓa tambayata irin abin da aka tambaye shi ba.

"Baban Mboni," in ji Mwanaidi, a hankali ƙwarai. "Tunani kake yi?"

"Ɗauki," ya ce. "Ɗauki duka. Ki bar min 'yata."

Hannu ya fito daga ƙarƙashin zanen, hannun Mboni mai tsagaggun yatsu, ya kama nasa, ya matsa sau ɗaya kamar mai yin ban kwana. Yarinyar ta yi atishawa. Iskar teku da ta ɗauke tun kafin salla ta taso, ta kaɗa zanen, ta wuce. Mboni ta miƙe zaune, bayanta sambal, ta ce ƙishirwa take ji. Mwanaidi ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Jifa bai sake sauka a gidan ba.

Yatsun yarinyar sun warke, sai dai ƙarfi ya daɗe bai dawo mata ba, yawanci tana kwance a ɗaki, kuma ba ta tuna komai na abin da ya faru. Kibwana ya kai jitar wurin mai gyara aka sa sabon ƙashi na saniya, aka miƙar da wuyan, aka ɗaura sirara. Ya dawo da ita ya rataye, ya yi kwanaki yana wuce ta kamar bai gan ta ba.

Wata yamma, rana ta yi ja, Mboni ta ce wa uwarta ta yi kewar kiɗan Baba. Mwanaidi ta fita ta gaya masa. Ya ɗauko jitar, ya zauna a dakali inda ya saba, ya yi bismilla, ya fara kiɗan nan da ya yaye ta da shi. Ina ƙofar gidana ina ji. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, kowane yatsa ya sauka inda ya kamata. Mai soya kifi a bakin titi ta ci gaba da juya kifinta.

Yana tsakiyar kiɗan muryar Mboni ta fito ta taga.

"Mama, wane ne a waje? Ki ce wa baƙon nan ya ajiye jitar Baba kafin ya zo. Kin san ba ya so a taɓa masa."

Ƙarar kankarar kwakwa ta tsaya a tsakar gida. Kibwana ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin har suka yi shiru.

"Ki ce mata ya ajiye," ya ce.