Hoton Lantana a Bangon Falo

Lantana na goge hotonta na rigar digiri da ke rataye a falo, sai ga mijinta Zubairu ya shigo, mahaifiyarsa Inna na biye da shi.

"Baban Husna, albishirinka! Makarantar matan aure ta Janbako ta ɗauke ni koyarwa!"

Zubairu ya sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa.

"Koyarwar mi? Kullum bisa mashin, matar ɗana? Ba ga hoton nan ba, kowa ya shigo shina gani? Ai buƙata ta biya."

Lantana ta dubi mijinta. Shi ne fa ya yi ta kai ta Mafara ɗaukar darasi duk Asabar, tana da 'ya'ya huɗu, har da goyo. Shi ne ya rantse mata ba zai hana ta aiki ba.

"Ka yi magana mana!"

"Ki yi haƙuri, Lantana. Ni dai so nike a ce matata na da digiri, kuma an ce."

Wannan magana ta fi mari zafi. Ashe ado ya ɗauke ta, kamar labulen falo!

"Wallahi ba don bango na yi karatu ba," ta ce cikin kuka. "Har na haihu sau biyu ban iya karanta katin awona ba. Abin da nike son raba 'yan'uwana mata da shi ke nan. Ka ci amanata!"

Ba ta yi yaji ba. Ta sauke hoton, ta kafa baƙin allo a tsakar gida, matan maƙwabta suka fara leƙowa bayan la'asar. Zubairu kuwa kunya ta hana shi haɗa ido da ita.

Wata rana sai ga Inna, wayarta a hannu, tana ta kame-kame.

"Ke... nuna mini sunan ɗiyata Gimbiya a cikin abin ga. Na gaji da roƙon yara suna yi mini dariya."

Lantana ta shimfiɗa mata tabarma, ta fara koya mata karatu. Kafin damina Inna ta iya kiran Gimbiya da kanta, kuma ita ta tsare Zubairu.

"Kai! Gobe ka kai matarka Janbako. Mun zalunce ta, ni da kai."

Ya durƙusa ya nemi gafara. Lantana ta yafe, amma ba ta mayar da hoton ba. Ilimin da aka rataye a bango ba ya amfanin kowa, sai wanda aka sauko da shi kan tabarma.