Hotunan Mariama Ɗari Huɗu

Ranar da Hamdiya ta fara ganin Huzaifa, yana zagaya tsohuwar majami'ar laka da ke bayan kasuwar Dakoro, taku ɗaya hoto ɗaya. Ya roƙe ta ta matsa, wai in mutum ya gifta, ordinatar, wato kwamfuta, ba ta iya haɗa hotunan ta fitar da siffar ginin. Ta matsa tana harararsa. Bayan wata biyu kuwa, ko fura ba ta shiga sai ta ga saƙonsa.

Mahaifinta Malam Sallau ya ce ba zai ba mai yini a majami'a 'yarsa ba. Sai da kawunta ya zaunar da shi ya nuna masa aiki ne, ginin na zubewa, ana so a adana siffarsa kafin damina ta cinye shi. Da ƙyar ya yarda, aka sa rana.

To, Hamdiya akwai kishi, ko mai tallan gyaɗa ta gaishe da Huzaifa sai ranta ya ɓaci. Saura mako biyu biki, wani saƙo da Huzaifa ya rubuta wa abokin aikinsa ya yi kuskure ya faɗo wayarta:

"Na gama da Mariama. Hoto ɗari huɗu, gaba da baya. Wallahi ta fi kyau da hantsi."

Mariama ɗaya ta sani, 'yar telan unguwarsu mai wushirya. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta rubuta:

"Tahi ka auri mai kyau da hantsi. Ni na hwasa."

Da la'asar sai ga shi a zauren gidansu da ordinatar a hammata. Ya buɗe a gaban mahaifinta, majami'ar ta fito tana juyawa, har tsagar bangonta ana gani. Ya ce Kiristocin garin da sunan Mariama, uwar Annabi Isa, suke kiranta.

"Ga ta nan, Hamdiya. Shekararta saba'in, rufinta na yoyo."

Kunya ta rufe ta, amma kishin bai gama sauka ba. Ta tambaya a hankali, ita fa hoto nawa ya ɗauke ta? Ya duba wayarsa. Uku.

Malam Sallau ya yi dariya har da tari. Ita kuwa ta rantse ba za ta tare ba sai nata sun kai ɗari huɗu da ɗaya.

Ranar ɗaurin aure ya cika su. A na ƙarshen tana murmushi a gefensa, Malam Sallau ya ɗaga hannu yana sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya.