Lamba ta Ɗaya a Jerin Manoma

Ranar da Tajuddeen ya fara ganin Ramlat, tana tsaye a kan benci a ƙofar ofishin ƙungiyar manoman gyaɗa, ta ɗaga waya sama tana neman sabis. Ƙauyen bai da nisa da Ɗanbatta, gona na jikin gona, amma sabis sai ya ga dama yake zuwa.

Ya yi sallama. Ta amsa ba ta sauko ba.

"Kai ne mai kwamfutar da aka ce zai zo daga Bagwai?"

"Ni ne."

"Ina kwamfutar? Wannan 'yar jakar?"

"Babbar tana can wata ƙasa. Hayarta za mu yi."

Sai a nan ta dube shi da kyau. "Mun ga hayar gona, mun ga hayar tarakta. Yau kuma hayar abin da ido bai gani ba."

Ya yi dariya har sai da ta ji kunya ta gyara mayafi.

Ramlat ita ce sakatariyar ƙungiya, mahaifinta Malam Kassimu ne shugaba. Abin da suke so bai da yawa: manomi ya riƙa samun saƙo a wayarsa, yaushe ake sa ran ruwa, yaushe taki ya iso. Tajuddeen ya kama musu kwamfutar haya a intanet, wadda masu sana'ar ke kira saba. Sati uku yana ɗora mata kaya yana gyarawa, Ramlat na gefensa tana shigar da lambobin manoma ɗari huɗu.

Da za a fara jeri sai ta ce, "Sa tawa a farko. Kada a dami Baba da saƙon gwaji."

Haka aka yi. Tajuddeen ya umarci sabar kullum ƙarfe bakwai na safe ta aika saƙo ga lamba ta ɗaya, don a san tana raye. Na farko cewa ya yi: "Gwaji. Komai lafiya."

Kwana huɗu ta jure, sannan ta ce masa, "Injiniya, a garinku ba a gaisuwa ne?"

Washegari sai ga: "Ina kwana, Sakatariya. Komai lafiya."

To, wanda ya san samari ya san inda irin wannan take dosa. Kafin wata ya ƙare, saƙon ya koma haka: "Ramlat, sanyin idona, kin tashi lafiya? Ni safiya ba ta yi min sai na hango ki kin shigo ofis. Naki, Tajuddeen."

Ita kuma ta mayar masa a wayarsa: "Lafiya lau, Injiniyana. Ka karya kafin ka hau babur, jiya na ga hannunka na rawa."

Ya je gidansu ya gaida Malam Kassimu, ya nemi izinin neman aurenta kamar yadda ya dace. Dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai bincika.

Ana cikin haka aikin ya yi suna. Ƙungiyoyi biyar, uku a Shanono biyu a Bagwai, suka ce su ma suna so kafin ruwa ya sauka.

"Sati uku sau biyar?" in ji Ramlat. "Ai har a yi girbi ba ka gama ba."

"Ba sai na sake gini ba. Imej zan ɗauka."

"Mene ne kuma imej?"

"Duk abin da ke cikin faifan sabarmu, yadda na tsara shi, zan kwafe in adana. Wanda ya zo, sai in tayar masa da sabuwar saba daga wannan kwafin. Minti goma an gama."

Ta so a yi a gabanta, amma ranar akwai suna a gidan yayarta. Shi kaɗai ya yi, yana sauri. Ya yi kwafin sabar a gefe, ya cire lambobin manomansu da kalmomin sirri, ya kashe ta, ya ɗauki imej. Abu guda ya manta a ciki, saƙon ƙarfe bakwai.

Sakatarorin garuruwan nan biyar kuwa masu ladabi ne. Wa zai fara jeri da sunan wani alhali ga shugaba? Kowannensu lambar dattijon ƙungiyarsa ya sa a farko.

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai, wayar Alhaji Dabo na Shanono ta yi ƙara yana teburin mai shayi. Shi boko bai dame shi ba, sai ya miƙa wa wani malamin firamare. "Karanta mana mu ji, ko takin ne ya iso."

Malamin ya gyara murya ya karanta da ƙarfi, tun daga "sanyin idona" har zuwa "Naki". Mai shayi sai da ya ajiye buta.

Alhaji Dabo ya ɗauka ɓatan lamba ne. Talata ya sake zuwa, Laraba ma haka. Sannan ya kira tsohon abokinsa Malam Kassimu, domin ya san Ramlat guda ce a harkar ƙungiya.

Malam Kassimu bai yi faɗa ba, nasa ya fi faɗa zafi. Ya karɓi makullin ofis daga hannun 'yarsa, ya aika a gaya wa Tajuddeen kada ya ƙara taka ƙofar gidansa. "Sunan 'yata a teburin mai shayi, gari biyar? Na gama bincike."

Da azahar saƙonta ya shigo: "Tajuddeen, me na yi maka? Maganar da nake ɓoyewa ko Inna ban nuna wa ba, yau ita ake maimaita min a bakin rijiya."

Ya mayar mata: "Ba ki yi komai ba. Ban share imej ɗin da kyau ba, ganganci ne nawa. Ba zan ce ki yafe yanzu ba. Bari in fara wanke sunanki."

Nan take ya kashe sabobin biyar. Washegari ya hau babur cikin zafin bazara, ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya. A Shanono ya sami Alhaji Dabo a teburin nan dai, da jama'a. Ya durƙusa.

Alhaji ya so ya buɗe masa ƙofa. "Ko 'yan damfarar intanet ne suka shiga, yaro? Ko kamfanin ne?"

"A'a, Alhaji. Ni na rubuta, ni na manta ban goge ba. Yarinyar ba ta da laifi ko kaɗan. Aurenta nake nema, iyayenta sun sani."

Alhaji Dabo ya shafa gemu. "Kwana uku ana ce min sanyin ido. Shekara arba'in da aure, Hajiya ba ta taɓa faɗa min ba. Yanzu ka zo ka ce ba da ni ake ba?"

Aka kwashe da dariya, amma wannan karon ba Ramlat ake yi wa ba.

Daga nan Tajuddeen ya aika wa Malam Kassimu roƙo guda. Ruwa ya kusa, manoman gari biyar na jira, dole a ɗauki sabon imej, shi kuma ya daina yarda da idonsa shi kaɗai. A bar Ramlat ta duba.

Malam Kassimu ya kawo ta da kansa da hantsi, ya ja kujera ya zauna a tsakaninsu.

"Wato abin nan kamar abin buga bulo ne," in ji shi, bayan an yi masa bayani. "In akwai tsaga a jikinsa, duk bulon da ya fito da tsagar zai fito."

"Haka ne, Baba," in ji Tajuddeen.

"To ku nemo tsagar."

Ramlat ta rubuta jeri a takarda: lambobi, kalmomin sirri, makullan shiga, tarihin saƙonni, ayyukan da aka ɗaura wa lokaci. Tana kira yana nunawa, tana cewa goge yana gogewa. Da suka iso kan saƙon, sai ga shi a fili a fuskar kwamfuta. Ramlat ta ajiye takardar.

"Ke za ki goge," Tajuddeen ya ce mata a hankali.

"Zan yi kewarsa," ta ce, murya can ƙasa.

Malam Kassimu ya yi tari. Ta danna.

Suka kashe sabar, suka ɗauki imej, suka sa masa kwanan wata don kada a rikita shi da tsohon, tsohon kuma suka share shi. Tajuddeen ya ce ba zai ba kowa ba sai an tayar da ta gwaji an kwana an gani.

"Lambar wa za a sa a farko?" in ji Ramlat.

"Tawa," in ji Malam Kassimu.

Da safe ya zauna a zaure da waya a cinya tun kafin bakwai. Bakwai ta yi, takwas ta yi, ba abin da ya shigo sai saƙon hasashen ruwa. Ya mayar da wayar aljihu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Dattawa biyar suka fito, da kawun Tajuddeen na shida.

"Kassimu," in ji Alhaji Dabo, "mu dai an riga an sa mu a maganar nan, ba mu nema ba. Tunda mun ji farkonta, mun zo mu ga ƙarshenta. Yaron ya zo gabana, na ba shi hanyar ƙarya da bakina, ya ƙi bi."

Malam Kassimu ya gyara zama. Sannan ya ce a kawo ruwa, a kawo goro.

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure, Alhaji Dabo ya zauna kusa da waliyyin ango kamar shi ya haife shi. Da yamma, kafin a tafi da amarya Bagwai, aka kai ta ɗakin mahaifinta. Ta durƙusa tana kuka.

"Baba, ka huce da shi?"

"Da ban huce ba ai da ba ki ga goro ba. Kuskure kowa na yi, Ramlatu. Amma wanda zai zaga gari biyar a rana yana cewa ni na yi, ba zai bar ki da laifin da ba naki ba. Shi na ba ki."

Ya ɗora hannu a kanta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri, Ya ba ku zuriya ta gari."

Matan da ke bakin ƙofa suka amsa da amin, sannan aka rangaɗa guɗa.