Takalmin Alhaji Cindo

Da sunan Allah nake farawa. Mutanen wannan labari biyar ne: Harisu, maƙerin tagulla a Gadarif ta ƙasar Sudan, Mardiyya, malamar makarantar 'yan mata, mahaifinta Malam Ishaku, manomin riɗi, Yasir mai tarakta, wanda uban ya fi so, sai marigayi Alhaji Cindo, kakanta, wanda ya tako da ƙafa daga Katagum zuwa hajji, da ya dawo ya yada zango a nan.

A gefen kasuwa suka haɗu. Mardiyya ta ga laujen tagulla a rumfar Harisu, ƙotarsa ta lotsa inda ake riƙewa.

"Wa zai yanki dawa da wannan?"

"Ba na yanka ba ne. Kamannin na wani tsoho ne a Gadambaliya, shekara talatin yana hannunsa. Ni ba na ƙera fuskar mutum, sai abin da ya tsufa tare da shi."

Daga ranar hanyar makaranta ta koma ta gaban rumfar. Shi yana kiranta Zinariya, ita tana ce masa Sarkin Hayaƙi.

Da maganar aurensu ta kai ga Malam Ishaku, sai ya tashi tsaye. "Mai gumaka? Ga Yasir da gonarsa, ki kawo mini mai gumaka? Halas, magana ta ƙare, kada in sake ji!"

Mardiyya ta so uban ya ga aikin da idonsa. A adakarsa akwai takalmin fata wari ɗaya, shi kaɗai ya rage daga tafiyar Alhaji Cindo, gara ma ta fara cinsa. Ta ɗauka a ɓoye, ta kai wa Harisu.

"Ka zuba irinsa, ka maido mini da shi kafin Juma'a."

Ran Alhamis ta zo karɓa. Harisu ya nuna mata wani curin yumɓu ƙonanne, ya sunkuyar da kai. A al'ada da kakin zuma yake siffanta abu, ya lulluɓe da yumɓu, wuta ta narkar da kakin, ya zuba tagulla a gurbinsa. Amma fatar nan ta ruɓe, ko taɓawa ba ta jurewa. Sai ya lulluɓe ainihin takalmin da yumɓu, ya sa a wuta, ya zuba tagulla a gurbin da ya bari.

"Ina takalmin kakana?"

"Ya ƙone, Zinariya. Amma siffarsa..."

"Siffarsa! Amana na ba ka ko itacen girki? Bakinka ciwo yake da ba za ka tambaye ni ba? Ashe Baba ya fi ni saninka!"

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Ma'alesh, ki yi haƙuri, Zinariya. Na duba aikin, na manta da masu shi. Ba ni da hujja."

Ta mayar masa: "Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Ma'alesh ba ta ɗinka toka."

Ba ta jira a gano ba, ta durƙusa ta faɗa wa uban komai. Malam Ishaku ya ɗauki sandarsa, ya tare raksha, keken haya mai ƙafa uku, ita kuwa ta bi bayansa tana kuka.

"Kai ne Harisu? Takalmin da ya ƙetare Chadi da Darfur, rana ba ta cinye shi ba, sai kai, ɗan yau? Ina gunkin da ka yi da ubana?"

Harisu ya nuna curin. Tsohon ya ɗaga sanda ya maka, ya ƙara, yana faɗin, "Ba dai a garin nan ba!" Bai san cewa duk zubin tagulla sai an fasa yumɓun yake fitowa ba. A bugu na huɗu curin ya tsage.

Ga takalmin nan, na tagulla. Ga dunduniyar da ta cinye ta gefe ɗaya, ga gurbin babban yatsa, har da ɗinkin da shi Malam Ishaku ya yi wa maɗaurin shekarar da tsohon ya kwanta ciwo. Ya durƙusa ya shafa ɗinkin, sannan ya ɗago ya dubi Harisu.

"Me ya hana ka tambaya?"

"Na ji tsoron a ce mini a'a, Baba."

"Da kuwa an ce maka! Ban yafe ba."

Ya naɗe takalmin a rawaninsa, ya tafi da shi. Bai mayar da shi adaka ba, a zaure ya ajiye, duk baƙon da ya zo sai ya ji labarin Katagum.

Sai da aka gama yankan riɗi ya aika wa Harisu cewa ya turo magabatansa. "Gunki dai ba gunki ba ne," in ji shi, "kuma yaron bai yi mini ƙarya ba. Saura mai fushin."

Mai fushin ta rubuta: "Sarkin Hayaƙi, sharaɗi ɗaya. Duk abin da za ka sa a wuta sai ka tambaye ni, ko da gawayi ne."

Ya amsa: "Tamam. In dafa shayin ɗaurin aure?"

"Dafa."

Aka ɗaura a zauren nan, takalmin yana gefen liman. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya jiƙan Alhaji Cindo. Wanda ya ga tuntuɓe a rubutun nan ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri.