Murɗin Bahago

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wayyo, maraici! Ranar kasuwar Isa aka jawo Mus'ab ta wuyan riga daga rumfar wayarin mota ta marigayi ubansa, ana marinsa yana rantsuwa, ba mai saurare. Motar Yero direba ce ta kama wuta a hanyar Bafarawa, bayan an yi mata gyara a rumfar. Mutane sun tsira da ƙyar, awaki da buhunan gero kuwa sun ƙone ƙurmus. Baffansa Wada, wanda ya zaune rumfar tun da aka yi rasuwa, shi ya fara nuna shi.

"Shi ya haɗa wayar fitila! Ni ina masallaci."

"Baffa, ji tsoron Allah... ko taɓa motar ga ban yi ba!"

Ina! Aka ƙwace filayar da ubansa ya bar masa, aka kore shi daga gida shi da ƙanwarsa Hafiza, ga ta da zazzaɓi. A tasha yara na binsa da "Mai ƙone mota!" Ya ɗaga hannu sama, hawaye na zuba: "Ya Allah, ba ni da uba, ba ni da shaida, sai Kai..."

Makanikai suka taru don a raba shi da sana'ar har abada. Yero ya jefa ƙonannun wayoyin gaban shugabansu, tsoho Bawa. Wada ya miƙe yana kumfar baki.

"Wanga bahagon banza, ko filaya da hagu yake riƙo! Mi ya iya?"

Bawa ya ɗago kai. "Bahago ka ce?"

Ya ɗauki wayar ya kakkaɓe toka. Wuta ta cinye roba, amma jan ƙarfen na nan da murɗinsa. Ya ba Mus'ab da Wada waya biyu-biyu ya ce su haɗa. Murɗin Mus'ab ya bi hagu, na Wada ya bi dama, sak irin na ƙonanniyar!

"Wada, daga masallaci ka murɗo ta?"

Asirin Wada ya tonu. Yero ya rungume yaron yana kuka: "Gafarta mini, ɗana, na mare ka bisa zalunci!"

Makanikai suka hana Wada taɓa mota, ya tsallaka Nijar don kunya. Hafiza ta warke, suka koma ɗakin ubansu. Rumfa ta dawo hannun Mus'ab, kuma har yau Yero ba ya kai mota wurin kowa sai shi.

Ƙurunƙus, ta ƙare.